Ranar da Muka Binne Naman Wule

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ba gudu za su yi ba. Tunda kun ce fawa kuke so ku shiga, kuma jiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa ai ba wani abu ba ne, wuƙa ce da firiza da lambar masu tsire, to ku zauna. Riƙon wuƙa kowa ya iya. Aikin mahauci a cikin cikin dabba yake. Ni ɗin nan Adamu da kuke gani, shekarata arba'in da ɗoriya a mayankar Potiskum, amma akwai ranar da saura ƙiris in ciyar da mutum wajen sittin naman da ko kare bai kamata a jefa wa ba. Da hannuna na feɗe shi, da bakina na ce lafiyarsa lau. Zan zo kan wannan, amma sai kun fara jin inda na taso.

Aikin farko da maigidana Baba Disa ya ba ni, Allah ya jiƙansa, wankin tumbi ne. Mutumin unguwar Bolewa ne, gajere, mai faɗin ƙirji, ba a ganin haƙorinsa sai ranar Sallah. Shekara biyu cur ban taɓa wuƙar yanka ba. A zaro kayan ciki a tula mini a daro, in ja shi bayan mayanka, in tsaga tumbi in zazzage, in tatse hanji daga wannan baki har wancan, in ɗauraye har sai ruwan ya fito fari. Ranar farko na zura hannu cikin tumbin wani sa da aka daɗe da yankawa, na zaro shi ba shiri. Ciki zafi ne kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ga kumfa tana tasowa tana fashewa, har da ɗan sautinta. Wannan sa ya mutu, an feɗe shi, cinyarsa ta riga ta isa kasuwa, amma abin da ke cikin tumbinsa bai ma san an yi mutuwa ba, yana ta aikinsa. Na ce, "Baba, wannan abin fa yana da rai." Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Yau ka fara fawa."

Dokar Baba Disa ɗaya ce: ciki kafin komai. Da jini ya gama zuba, a feɗe da hanzari, a ɗaure maƙoshi da igiya, a ɗaure bakin dubura, sannan a tsaga ciki, kaifin wuƙa yana kallon sama, yatsu biyu a ƙasa suna tura hanji baya. In ka huda hanji, mari za ka fara ji kafin bayani. Yakan ce abin da ke cikin tumbi baƙo ne da aka kulle a ɗaki, muddin mai gida yana numfashi ba ya fita, da zarar ya mutu kuwa sai ya ɓalle ƙofa ya shiga cin gidan. Saboda haka duk gudun da muke yi, gudu ne mu fitar da shi kafin ya fito da kansa. Na haddace wannan har ya zame mini ka'ida: in an buɗe ciki da wuri nama ya tsira, in an makara ya tafi. Shekara da shekaru ban ga abin da ya saɓa mata ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai wuƙar yanka, doguwa, ba ta taɓa komai sai wuya. Akwai ta fiɗa, gajera mai ɗan lanƙwasa, wadda in hannunka ya zauna za ka raba fata da nama ba ka bar ko huji ɗaya ba. Ga barandami na saran ƙashi, ga dutsen washi. Na ƙarshen shi ne wanda za ku yi wa dariya, wato tsinke. Baba Disa yakan samo busasshen reshen aduwa, tsawon kamu ɗaya, ya fere shi ya goge sumul. In yana shakkar nama sai ya soka shi ta katara har ya taɓo ƙashin cinya, ya ɗan dakata, ya zare ya kai hanci. Nama ya iya ƙarya daga waje, ka gan shi ja wur yana sheƙi. Amma can jikin ƙashi, inda zafi yake daɗewa bai fita ba, a nan ɓaci yake fara nuna kansa. Firizar nan da kuke taƙama da ita, waje take fara sanyayawa, kafin ta kai ƙashi an jima, balle a ce an ɗauke wuta.

Masu saye kuma kada ku raina su. Akwai Hajiya Falmata, Babarbariya mai sayar da abinci a tasha, direbobin Maiduguri da na Kano duk a rumfarta suke ci. Wata rana, ina sabon cin gashin kaina, wuƙa ta kuɓuce mini na huda hanji, datti ya ɗan zuba a haƙarƙari. Na wanke tas, na ce wa zai sani. Ta zo, ta danna naman da ɗan yatsa, ta sunkuya ta shaƙa. Ta ce, "Adamu, ka yi wa naman nan wanka ko?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Nama mai lafiya ba ya son wanka, ɗana." Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta nufi teburin maƙwabcina, kuma sai da aka yi wata uku kafin ta sake tsayawa a nawa.

Wani aiki da na yi a gefen titin Kano shi ya fara girgiza ka'idata, sai dai ban saurara ba. Lokacin Baba Disa ya riga ya rasu. Da damina ne, an tashi da yayyafi, gari a lumshe. Wata tirela ta ɗebi shanu daga kara, wato kasuwar shanu, za ta Kudu, ba ta yi nisa da gari ba wani bajimi ya zame ya karya ƙafa. Mai rakiyar shanun ya sa aka sauke shi, ya yanka shi a nan take don kada ya zama mushe, ya bar saƙo a nemo ni, suka wuce. Kafin a same ni, kafin in sami mota, yankan hantsi ya kai bayan azahar. Na tarar cikin ya kumbura tam kamar ganga. Na ce a raina wannan aikin banza na zo yi. Na tsaga, iska mai wari ta fito har na kauce, tantanin ciki da kitsen ƙoda sun ɗan yi kore, na yanke su na yar. Sannan na soka tsinke a katara, na shaƙa. Babu komai. Na soka a ɗaya gefen, na soka a kafaɗa, har sau uku ina canza tsinke. Nama fes, ɓargo fari tas. Na tsaya riƙe da tsinke kamar wawa. Baƙon da aka ce yana ɓalle ƙofa da an mutu, ga shi ya sami rabin yini ba mai tsaro, amma bai wuce bakin ƙofa ba. Na ce sa'a ce da sanyin gari, na ɗebi namana na tafi. Ban sake tunanin abin ba.

Sai shekarar da damina ta makara. Wasunku suna goye a lokacin. Bazara ta yi tsawo har mutane suka daina duba gabas. Tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta ƙare, har jinkar bukka shanu suke zara suna ci. A kara za ka ga saniya tana tsaye ana cinikinta, sai kawai ta durƙushe. Yanka ya yi yawa, nama babu. Ka feɗe sa guda, abin da za ka samu bai fi na babban rago ba, kitse kuwa ya koma ruwa-ruwa. Muna aiki daga sallar asuba har rana ta take, hannu ba ya hutawa, zuciya ba daɗi.

A wannan shekarar ne Buba Jauro ya aiko a kira ni. Bafulatani ne da ya zauna a wata ruga kan hanyar Fika, mun fi shekara ashirin ina sayen dabba a hannunsa, bai taɓa ɓoye mini aibin saniya ba. Garkensa ya ƙare sai 'yan tsiraru. Mutanen rugage uku da na wani ƙauyen Karekare da ke kusa sun haɗa gayya suna haƙa rijiya, don matansu suna tafiyar rabin yini neman ruwa. Kowane gida da ranar ciyarwarsa, kuma Buba ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ranarsa nama za a ci. Maraƙin da ya ware don haka ya mutu tun kafin ranar ta zo. Abin da ya rage masa mai ɗan nama a jiki saniya ɗaya ce, baƙa mai farin goshi, suna ce mata Wule. Saƙon da ya iso mini gajere ne: Wule ta kwanta, yau ranar ciyarwarsa ce, in zo da wuƙaƙe.

Na hau mashin na isa da hantsi. Na same ta a ƙarƙashin wata tsamiya, kanta a ƙasa, numfashi sama-sama. Na ga shatin igiya a ƙirjinta da cikinta, na ga gashin katararta ta hagu ya goge. Idona ya gani sarai. Amma ba a titsiye Bafulatani a gaban mutane ana tambayarsa tun yaushe saniyarsa take ciwo, kamar ka ce bai iya kiwo ba ne. Ban tambaya ba. Buba ya dafa goshinta, ya yi mata wata magana da Fulatanci can ƙasa, sannan ya juya baya. Na yi bisimilla na yanka. Jinin ya fito baƙi, kuma bai yi tsartuwa yadda na saba gani ba, na ce yunwa ce. Na yi aiki da saurin da ban taɓa yi ba. Kafin jinin ƙasa ya bushe na feɗe, na ɗaure sama da ƙasa, na zare kayan ciki gaba ɗaya ba huji ko ɗaya. Da Baba Disa yana raye da ya gyaɗa kai. Na miƙe ina jin kaina.

Mata suka kafa tukwane uku, na fara datsa ina miƙa musu. Daga inda muke ana jin amon diga a bakin rijiya da waƙar masu jan guga, mutum wajen sittin, tun safe ba abin da ya shiga cikinsu sai ruwa. Sai uwargidan Buba, Inna Dije, ta dawo da wata tsoka a hannu. Ta ce, "Malam Adamu, naman nan bai kwanta mini a rai ba. Dubi yadda yake jiƙa hannu."

Raina ya sosu. Mace mai tatsar nono ce za ta koya mini nama? Na ce, "Uwargida, a gabanki na buɗe cikin nan, ko ƙuda bai riga ni ba. Naman yunwa ne, haka yake."

Ta ce, "To, kai ka sani."

Wannan "kai ka sani" ita ta tunzura ni. Na jawo hanta. Na ga ta ɗan kumbura, gefenta ya yi dakusa maimakon kaifi, amma girman kai ya riga ya rufe mini ido. Na yanki yanki mai kauri, na ɗora a garwashi, na juya sau biyu, ko gasuwa bai gama ba na cinye a gabansu ina lasar yatsa. Na ce, "Kun gani? A zuba a tukunya."

Abin da ya cece mu sabo ne kawai, ba hankali ba. Da na zo raba cinya da katara, hannuna da kansa ya laluba jaka ya zaro tsinke, kamar yadda yake yi kullum. Na soka, na zare, na kai hanci. Tsami ne mai nauyi, irin na naman da ya kwana biyu a rufe, alhali ko awa biyu ba a yi da yanka ba. Na soka a ɗaya cinyar, wadda ba ta kwanta a kai ba, haka. Na tsaga ƙoda, ga ɗigo-ɗigon jini ko'ina kamar an yayyafa barkono. Na tono kaluluwar cinya, ta kumbura ta yi jajir. Na sara ƙashi, ɓargon ya yi duhu yana dalala. Ciki na fitar da shi cikin lokaci, babu huji, babu kuskure, amma ɓacin ya riga ni isa har cikin ƙashi. Ta ina ya bi? Yaushe ya wuce ni? Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a gaban dabba ba.

Na je wurin Buba, yana zaune nesa da mu da igiyar Wule a hannu. Na durƙusa na ce, "Buba, na yi kuskure. Naman nan ba zai ciwu ba."

Ya ce, "Ba kai ka ci hanta yanzu ba?"

"Ni ne. Shi ya sa nake cewa na yi kuskure."

Inna Dije tana bayana, ashe ta biyo ni. Ta ce a hankali, "Yau kwananta uku a kwance. Ranar farko rashin ƙarfi ne kawai. Tun jiya ta fara zawo, jikinta zafi, ta daina tuƙa. Shi yake ɗaga ta da igiya yana ba ta ruwa da ludayi." Buba bai ce ta yi ƙarya ba, bai kuma ɗago ba.

Labari ya isa bakin rijiya, mutane suka taho, jikinsu duk jar ƙasa. Ba zan ga laifinsu ba, wasu rabonsu da nama tun layya. Wani ya ce ai wuta tana kashe komai, a tafasa shi sosai kawai. Wani ya ce mahautan gari ba su san yunwa ba, shi ya sa. Wani ya ce shi ya yarda, a ba shi kasonsa, cikinsa ne. Ni dai ba ni da bakin gardama, don ni ne ɗazu nake lasar yatsa. Sai na nemi babbansu, Malam Gimba, tsohon mahaƙin rijiya da ke jagorantar aikin, na miƙa masa tsinken. Na ce, "Baba, ni dai na zubar da girmana yau, kada ka ɗauki maganata. Ga wannan, hancinka ya gaya maka." Ya shaƙa. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba. Tsinken nan ya zaga hannu wajen goma, surutun yana raguwa, har wurin ya yi tsit.

Malam Gimba ya saɓa digarsa. Ya ce, "Mutum takwas su biyo ni. Can gangare, nesa da rijiya, kada ya bi ƙasa ya same mu a ruwa." Mutanen da suka zo haƙa ruwa su suka haƙa wa Wule rami, mai zurfi, don kada kare ko kura su tono. Muka juye tukwane uku a ciki, da cinya, da tozo, da kai, da fata. Mata suka wanke tukwanen da toka, suka tuƙa tuwo da miyar kuka lami. Mutum sittin suka zauna suka ci, ba wanda ya yi ƙorafi ko ɗaya, kowa ya tashi sai ya je ya yi wa Buba godiya. Ina kallon fuskarsa, na san da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi.

Ni kuwa hanta ta karɓi hakkinta. Washegari kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ni, ga amai ga gudawa, har sai da aka kai ni asibiti aka yi mini ƙarin ruwa leda bayan leda. Kwanana huɗu a gado. Likita ya ce da yaro ne ko tsoho ya ci abin da na ci, da labarin ya bambanta. Na kwanta ina lissafa tsofaffin da na gani a bakin rijiyar nan.

Da na warke na tafi wurin likitar dabbobi da ke duba mana nama a mayanka, Dokta Zainabu. A da kallon 'yar boko mai hana ruwa gudu nake mata. Na zayyana mata komai, har da na bajimin titin Kano. Na ce, "Likita, wanda na makara ya tsira, wadda na yi wa sauri ta ɓaci. Fahimtar da ni." Ta ce in ɗebo mata ruwan tumbi mai ɗumi daga yankan da aka yi yanzu. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, ta sa a madubin nan nasu mai nuna abin da ido ba ya gani, ta ce in leƙa.

Samari, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ɗigo ɗaya, wanda bai kai ƙwayar gero ba, amma cike yake maƙil kamar kara ranar kasuwa. Wasu suna iyo, wasu suna juyi, wasu suna bangaje juna. Ta ce waɗannan da nake gani manya ne ma, ƙananan su ne ɗigo-ɗigon da ke rawa a tsakaninsu, kuma babu mai iya ƙirga su. Abin da na shekara biyu ina kwasa da hannu ina zubarwa ke nan. Na ɗago na ce Allahu Akbar, na sake leƙawa. Ta ce yawancinsu ba maƙiya ba ne, su suke narka wa saniya ciyawa, ba don su ba da ta mutu da yunwa ciki cike. Tsakaninsu da jininta kuwa ba komai sai wani tantani da bai kai kaurin fatar albasa ba. Muddin dabba tana da lafiya, jikinta yana gyara tantanin nan ba dare ba rana, kuma in ɗaya ya tsallake, kaluluwa da hanta suna nan a hanya su cafke shi.

Na ce, "To in ta mutu fa?"

Ta ce, "In lafiyarta ƙalau aka yanka ta, zuciya ta tsaya, jini ba ya gudu, ba su da abin hawa. Sai dai su ci bango su ratsa da kansu, kuma wannan yana ɗaukar lokaci fiye da yadda ake zato. Koren da ka gani a bajimin, sau da yawa iskarsu ce ta riga su fita. Zafin rana yana gaggauta su, shi ya sa dokar maigidanka tana nan daram, kada ka sake ta. Iya awa nawa suke ɗauka, ko malamanmu ba su gama daidaitawa ba." Ta ce amma dabbar da ta galabaita, ga yunwa ga ƙishirwa ga zazzaɓi, bangon yakan fara yoyo tun tana numfashi, masu tsaron sun gaji, sai zuciyarta da kanta ta ɗebe su ta kai su kowane lungu, har ɓargo. Wasu kuma sukan bar dafin da tafasa ba ta kashewa. Ta ce, "Baba Adamu, ba ka makara da wuƙa ba. Kafin ka hau mashin an riga an gama."

Sai na tambaye ta abin da ke ci mini rai. Na ce, "Mu ma haka muke?" Ta ce mu ma. Na fito ofishin nan ina dafe da cikina. Tun daga ranar da aka haife ni ina yawo da wannan runduna, ina ci suna ci, kuma tantani ɗaya ne ya raba mu, ban taɓa gode wa Allah a kansa ba ko sau ɗaya don ban san da shi ba. Na tuna yadda muke gaggawar kai mamaci makwancinsa kafin rana ta yi zafi, na ga ashe abin duk ɗaya ne. Tun daga lokacin, kafin in zare wuƙa sai na tambayi kwana nawa dabba ta yi a kwance, tana tuƙa ko ba ta yi, ko ta Bafulatani ce ko ta sarki, ko a gaban wa. In an ji haushi a ji.

Buba bai leƙo kara ba sai bayan da ruwa ya sauka. Ina tsaye a teburina na hango shi, ya rame, sandarsa a kafaɗa. Muka gaisa, ya tambayi jikina, na tambayi iyali. Ya tsaya yana kallon naman da ke rataye har na zaci ya manta da ni. Can ya ce, "Malam Adamu, an ce ka je wurin likita. Ina da tambaya, kada ka rufe ni. Da ranar da Wule ta fara kwanciya na kira ka, da naman ya ciwu?"

Na so in ce Allah ne masani in wuce. Amma mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya a kan dabba ba. Na ce, "Da ya ciwu, Buba. Da mun yi bandarsa, da sun ci."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Uwarta mahaifina ya ba ni ranar da na fara kiwo. Ita kuwa Wule, kullum na ɗaga ta sai ta ɗan tsaya, sai in ce gobe za ta tashi." Ya gyara sandarsa. "Ko da na san wannan a ranar, Malam Adamu, da ban iya kiranka ba."

Na jawo masa benci, muka zauna tare har aka kira azahar.